Kiran da Habsatu Ba Ta Yi Ba

Port Richmond,
Laraba, ƙarshen Oktoba.

Zuwa ga Habsatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Hajiya Damata da 'yan shagon kitsonta baki ɗaya. Ni ma ina nan, ina buɗe butiki, ina ɗan ciniki, ina rufewa.

Takarda na rubuto domin wayarki tana nan inda kika bar ta, a kan kujerar mota. Na buga ta Hajiya, ta ce in na sake kira za ta tako har butiki ta tara mini jama'a. Kofi direba ya yarda ya kawo miki, tunda yana sauke doya a Flatbush duk Alhamis. Bai tambayi abin da ke ciki ba, ya dai dube ni ya ce, "Ei, Alkasim, ka tsufa paa."

Ba zan ce ban faɗa ba. Na faɗa, a gaban mutane, a bakin layin dogo, kina riƙe da darduma. Amma ki bari in gaya miki yadda aka yi a sama, don ke ƙasa kawai kika gani.

Kin san kan jirgin nan da aka yi wa fenti irin na dā, kore da ruwan ɗorawa. Shekaru ina binsa ban same shi ba, ko ya wuce da duhu, ko ranar da nake butiki. Ran Lahadin nan dattijon Baturen nan mai yawo da tsani ya ce mini kan nan ne ke jan jirgin kayan da zai zo daga kudu. Na hau Dutsen Bear har falalen da kike kira kujerata, na kafa kamara. Habsatu, ban taɓa ganin ganye ya yi ja irin na bana ba. Kogin Hudson kwance, ko iska babu, layin dogo ya ratsa fadama ya lanƙwasa, rana na bugunsa daga gefe. Inuwar dutse na gangarowa za ta rufe shi, ni kuwa idona na kan waya ina jiran kiranki. Da na ji shiru na ce da saura, na cire gilashin gaban kamara zan sa wanda ya fi janyo nesa. Ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu, sai ga hon. Kafin in mayar, kan jirgin ya shige cikin itatuwa. Abin da na samu shi ne taragan da ke ɗaukar shara.

Ban san yadda na sauko ba. Zuciya ce ta ɗebe ni, kuma tun kafin in rufe baki na yi nadama.

Na je wurin Malam Abdul-Samed bayan azahar, tunda Hajiya ta rantse ba za ta sake ki ki dawo ba sai da bakinsa. Ya wanke ni tas, sannan ya tambayi ko saki na nawa ne. Na ce na biyu, na farko shi ne na Damagaram muna yara, wanda baffanki ya sasanta. Ya ce da Hausarsa ta zango, "In biyu ne, ƙofa a buɗe yake. Amma ba zan ji daga bakinka kaɗai ba. Matanka ya zo ya faɗi da bakinshi kafin idda ya cika, sai ka ɗauke shi ku tafi gida."

Saboda haka ki zaɓi ranar da ta yi miki. Ki yafe mini, gidan ba ya zaunuwa.

Naki,
Alkasim

*

Flatbush,
Lahadi.

Maigida,

Wa alaikumus salam. Na amsa gaisuwarka. Hajiya ba ta amsa ba, ta ce in rubuta haka. Takardarka ta iso tana warin doya, na karanta ta a bayan shago. Rabinta ganye ne da kogi. Ko a takardar ban haƙuri sai da jirgi ya riga ni shiga.

Ka ce ƙasa kawai na gani. To bari in gaya maka ƙasan, don ba ka taɓa zama a can ba. Shekara nawa ina fakin a mahaɗar nan da hanya ta tsallaka layin dogo, ni da fulas ɗin shayi? Sauro ya cije ni a can, sanyi ya ci yatsuna, ɗan sanda ya sha ƙwanƙwasa gilashi yana tambaya ko motar ce ta lalace. Na koyi bambanta ƙarar jirgin kaya da ta na fasinja mai bin tsallaken kogi. Na gano ƙarfen layin yana fara tsuwa tun kafin ƙararrawa ta kaɗa, abin da Turawanka masu rediyo ba su sani ba. Aikina ɗaya ne, in ɗaga waya in ce, "Ga shi nan, kai biyu, na gaba shuɗi." Ban taɓa kiranka a banza ba, ban taɓa makara ba.

Ran nan la'asar na neman wucewa, dattijo mai tsani kuma ya ce jirgin ya tsaya a wani gari can kudu, da saura. Na shimfiɗa darduma a gefen mota. Ina raka'a ta biyu layin ya fara tsuwa. Na ji shi sarai. Wayar ga ta can a kan kujera, ƙofa a buɗe. Wallahi sai da na yi tunanin in sallame in kira ka in sake sabuwa, don na san shekarun da ka yi kana jiransa. Ban yanke ba. Ina ruku'u ya wuce, ƙasa na girgiza a ƙarƙashin ƙafata. Ko ni ban ga fentin ba, in wannan zai rage maka zafi.

Da na hango ka kana gangarowa, hula a karkace, ganye a wando, dariya ce ta taso mini, kuma na san ka gani. Na buɗe baki zan ce salla nake, ka ce, "Bon. Tunda haka ne, je ki, na sake ki." Dattijon ba ya jin Hausa, bawan Allah, yana ta murmushi yana miƙo maka kofin gahawa.

Matarsa ce ta fahimta, ban san ta yaya ba. Ita ta tsallakar da ni gada ta kai ni tashar Peekskill. Duk shekarun nan ina gadin jirgi, ran nan na fara shiga na bakin kogin. Na zauna ta taga, mutane na ɗaukar hoton duwatsu da wayoyinsu, ni ban ga komai ba har muka shiga rami.

Fushin ya sauka tun a jirgin, ba shi ya riƙe ni a nan ba. Ka ce wa Malam biyu. Kai da kake ƙirga taragai ko cikin barci, ka sake ƙirgawa. Ka tuna gadar Verrazzano.

Ka sha maganin hawan jininka, kada ka ce sai an tuna maka.

Habsatu

*

Port Richmond,
Nuwamba.

Habsatu,

Assalamu alaikum. Na gaishe ki, na gai da Hajiya ko da ba za ta amsa ba.

Ban manta gadar Verrazzano ba. Ranar ce aka sallame ki daga likita bayan ɓarin nan na ƙarshe, cikin da ya fi sauran daɗewa har muka fara gardama a kan suna. Dusar ƙanƙara na zuba, motoci sun cushe, kina kwance a kujerar baya kina cewa in sake ki in je in nemi mai haihuwa. Na ce ki yi shiru. Kika ce in ina ƙaunar Allah in sake ki. Tun daga Brooklyn kike maimaitawa, har na ga hannunki a kan mariƙin ƙofa. Na ce, "To, na sake ki, sai ki kwanta." Kika saki mariƙin ƙofar. Kafin mu sauka daga gadar na ce na mai da ke, muka yi ta kuka har mai motar baya ya gaji da yi mana hon.

Wannan za ki ƙirga mini? Allah shaida ne ban yi nufin rabuwa ba, na faɗa ne don kada ki buɗe ƙofa a kan ruwa. Babu wanda ya ji sai ni da ke. Shekaru sun wuce ba ki taɓa ta da zancen ba, ni ma haka.

Kuma ki tuna abin da ya biyo baya. Da kika warke kin ƙi fita. Kin daina zuwa suna da biki, kin ce mata na duban cikinki kafin su dubi fuskarki. Ni a lokacin ni kaɗai nake hawa dutse, 'yan masallaci na ce mini Mai Jirgi, wai mutumin da garinsu ko layin dogo babu ya zo Amurka yana gadin na wasu. Na lallaɓa ki ki raka ni ki sha iska. Ba ki da ƙarfin hawa tukuna, na bar ki a mota a mahaɗa. Ina sama sai ga kira, kina cewa, "Maigida, wani abu na tahowa, dogo ne kamar azumin bazara." Na juya kamara da gudu na same shi daidai kan lanƙwasa. Da na sauko na nuna miki, kika yi dariyar da rabona da ita tun kafin likita. Hoton ne ke saman talabijin.

Tun daga ranar hotunana suka fara kyau. Turawan nan da rediyonsu da taswirarsu suna tambayata yadda jirgi ba ya kufce mini, in ce ina da abin da ya fi rediyo. Wasu sun yi Lahadinsu da 'ya'ya, mu muka yi tamu da wannan, kuma ban taɓa jin an cuce ni ba.

Lahadin da ta wuce na hau ni kaɗai. Ganye ya zube, ana hango layin tun daga nesa, ba a ma bukatar mai kira. Jirage sun yi ta wucewa, na kai ido kan kamara na kasa dannawa. Wayarki na aljihuna, na cika mata caji, ban san dalili ba. Dattijon ya tambaye ki, na ce kina wurin 'yan uwa.

Ba na ce ki yi ƙarya ba. Malam zai ce, "Haka ne?" Ki sunkuyar da kai kawai, kamar yadda mata ke yi a gaban malamai, shi zai ɗauka amsa ce. In akwai alhaki a ciki, a wuyana. Idda na tafiya, Habsatu, ina jin tsoro.

Mijinki,
Alkasim

*

Flatbush,
Disamba.

Maigida,

Salama da gaisuwa. Ka yi haƙuri da jinkiri, na san Kofi ya sha komowa hannu wofi. Na fara rubutawa na yayyaga ba sau ɗaya ba.

Bayan gidan Hajiya jirgin Q ke wucewa. Na san ba ka ƙirga su cikin jirage, ka ce gwangwanaye ne masu ɗaukar ma'aikata. Amma duk wanda ya taho sai hannuna ya kai aljihu neman waya. Shekaranjiya na yi wa wata yarinya kitso har rabin kai, Hajiya ta zo ta duba ta sa aka warware, don duk ya karkace.

Ran Asabar na tambayi malamar islamiyyarmu, na ce wata ƙawata ce abin ya sama. Ta ce kalmar saki in ta fito fili ta faɗa, ko da wasa aka yi ta, ko da lallashi. Na ce to in matar ce ta matsa, tana cikin ciwo? Ta ce ciwon matar ne, mijin yana cikin hankalinsa. Ta dube ni ta daɗe, ta ce Allah ya ba ƙawata haƙuri.

Da na dawo na gaya wa Hajiya komai. Matar da ta yi wata tana zaginka safe da yamma sai ta nemi kujera ta zauna. Ta ce da Hausarta ta zango, "Ɗiyana, wa ya ji? Ni ban ji ba kuraa, ko kaɗan. Ka rufe bakinka ka koma gidan mijinka. Allah ya san ciwo ne ya yi magana." Ka ga har ita ta koma bayanka.

Ba kai kaɗai nake jin haushi ba. Uku Allah ya ba mu. Na Damagaram ƙuruciya ta ci, na dutse zuciyarka ta ci, na tsakiya kuwa ni na roƙe shi da bakina, ina ganin alheri nake yi maka. Da ban yi ba, da yanzu ina gida ina yi maka gorin taragan shara.

To ga amsata. Zan sunkuyar da kai. Ka gaya wa Malam za mu zo Asabar ta sama, ni da Hajiya. Gida nake so. Ina son tukwanena, da tarin da kake yi in ka fito alwala, da motar nan da ba ta ɗumi sai mun kusa isa. Ina sonka, ban taɓa rubutawa ba, yau na rubuta.

Sai dai kada ka ce alhakin a wuyanka, ka san ba haka ake yi ba. Tun da na yanke shawarar nan, in na tsaya salla sai in rasa raka'a ta nawa nake. Jiya magariba sai da na sake ta, na sake, har Hajiya ta leƙo. Zan dawo, zan yi girki, zan zauna a mahaɗa in kira ka duk Lahadi. Abu ɗaya nake roƙo. Ka nemo katifa ka sa mini a ƙaramin ɗakin da muke ajiye hotuna, in dinga kwana a can har zuciyata ta saba. Wataƙila ta saba.

Taka,
Habsatu

*

Port Richmond,
Juma'a da yamma.

Habsatu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Na roƙi Kofi ya kawo wannan gobe da sassafe, kafin ku fito.

Da na karanta takardarki na rufe butiki tsakar rana don murna, maƙwabcina har yana tambaya ko rasuwa aka yi. Na sayo katifar. Na shiga ƙaramin ɗakin na fara kwashe akwatunan hotuna ina jerawa a falo, na bazara daban, na kaka daban, na ƙanƙara daban, yadda kika tsara su. Na share, na shimfiɗa, na sa zanin gado. Na tsaya a bakin ƙofa ina duban inda za ki dinga kwanciya, ni ina can bayan bango, kina jin tarina kina tunanin ko halal ne zamanki a gidan. Sai na zauna a ƙasa.

Ke da kika ji layi na tsuwa kika ƙi yanke salla don ni, yanzu ni na sa kina rasa raka'a. Na ce in ɗauki alhakin, ashe ke na ɗora wa.

Bayan an sauko Juma'a na jira mutane suka watse, na gaya wa Malam zancen gada, yadda ya faru, ban rage ba. Ya cire tabarau ya ce, "Alkasim, ka san abin da kake faɗi?" Na ce na sani. Ya yi mini tambayoyi, yana ta neman mini kafa, na ga yana nema. Ya tambayi ko hankalina ya gushe ran nan, na ce a'a, ina tuƙi ne. Ya ce, "To uku ne. Ƙofa ya rufe." Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya ja kunnena a kan auren kisan wuta, na ce ko bai faɗa ba, ba zan kai ki ɗakin wani don in karɓo ki ba.

Ba sai kun zo gobe ba. Babu wanda zai tambaye ki komai.

Gidan nan in kina so ki zauna a ciki, ni in koma bayan butiki. Hotunan kuwa ki aiko a ɗauki duk wanda kike so. Waɗanda suka yi kyau duk da kiranki aka ɗauke su.

Ki yafe mini na dutse. Na gada babu laifinki a ciki.

Alkasim

*

Flatbush,
Asabar.

Alkasim,

Wa alaikumus salam. Ka ga na rubuta sunanka. Tun da aka ɗaura ban taɓa faɗarsa ba, yau babu abin da ya hana ni. Na daɗe ina dubansa a kan takardar.

Da Kofi ya ƙwanƙwasa na riga na sa mayafi, jakunkunana na bakin ƙofa. Na ce masa ya fara da babbar. Ya tsaya yana juya hularsa a hannu, sannan ya miƙo mini takardarka.

Na yi sallar azahar ban rasa komai ba. Ban san ko in gode maka ba. Ba zan iya ba tukuna.

Ka zauna a gidanka, Hajiya ta ce ɗakina na nan. Na yafe maka duka. Kada ka sake rubutowa, don zan amsa.

Kofi ya ce miyar kukar da na bari a firiza tana nan, ka ƙi taɓawa, ka hana shi ma. Ka ɗumama ka ci, Alkasim. Babu wata mai zuwa bayanta, amma in ta daɗe lalacewa za ta yi.

Allah ya tsare ka.

Habsatu